Naɗin Faifan DVD A Gida: Inda Gizo Ke Saƙa

Unguwar Tudun Wada ta Zariya mazaunin ma'aikata ce da 'yan makaranta tun zamanin Turawa. Tana tsakanin Birni da Sabon Gari, ga harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello a maƙwabtanta, inda ake koyon aikin lauya da sha'anin mulki, ga babbar makarantar horon malamai ta Gwamnatin Tarayya, ga kuma tsohon mazaunin asibitin koyarwa na jami'ar. A irin wannan unguwa da wuya a shiga layi a fita ba a tarar da gidan da ke da kwamfuta ba, kuma da wuya a buɗe akwatin littattafan maigidan ba a ga tarin faya-fayan CD da na DVD a ciki ba. Waɗansu na bikin aure ne ko na suna, waɗansu na tafsirin watan azumi, waɗansu kuwa kundin digiri ne da hotunan takardun kama aiki da na ƙarin girma.

Gaskiya ne wayar hannu da filash sun ƙwace wa faifai kasuwa. Masu shirya finafinan Hausa, waɗanda suka soma da kaset ɗin bidiyo a Kano a shekarar 1990, suka koma CD, daga nan DVD, yanzu akasarinsu sun karkata ga tashoshin talabijin da YouTube. Amma duk da haka faifai bai gama aiki ba tukuna. Asibitoci da dama a kansa suke bai wa majiyyaci hoton cikin jikinsa da na'ura ta ɗauka. Lauyoyi kan gabatar da shaidar bidiyo a kansa, bisa sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011. Akwai kuma dattawan da har yau na'urar kallon DVD ce a ɗakunansu, waɗanda in ba a faifai aka kai musu bikin jikokinsu ba, ba za su gani ba.

To, duk wanda ya taɓa naɗar wani abu a faifai da kwamfutarsa ta gida, watau abin da samari ke kira bonin, ya san irin takaicin da ke cikin aikin. Sai naɗi ya kusa ƙarewa ya tsaya cik, kwamfuta ta turo faifan waje, shi ba naɗaɗɗe ba, shi ba sabo ba. Ko kuwa ya kammala lafiya lau, a kai shi ofis ko kotu ya ƙi buɗuwa ranar da ake bukatarsa. Mafi yawan jama'a kwamfutar suke ɗora wa laifi, har su kinkime ta zuwa wurin mai gyara a sake mata Windows, a yi hasarar kuɗi da kwanaki, a dawo gida matsala tana nan daram. Alhali kuwa dalilan ba su taka kara sun karya ba. In aka bi su ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙin gwadawa zuwa mai tsada, galibi ba a zuwa ko'ina ake gano bakin zaren.

YADDA NAƊIN YAKE

Faifan DVD ya fara fita kasuwa a ƙasar Japan a ƙarshen shekarar 1996, shekara 14 bayan faifan CD wanda kamfanonin Philips da Sony suka fito da shi a 1982. Irin wanda ake naɗa a gida roba ce fale-fale guda biyu, kowace kaurinta milimita 0.6, aka manne su da gam, a tsakaninsu kuma akwai shafen wani irin rini tare da ƙarfe mai ƙyalli kamar madubi. Idan ana naɗi, na'urar faifai takan harba jan hasken leza mai zafi a kan rinin, ta riƙa ƙona shi ɗigo-ɗigo, kuma waɗannan ɗigogin su ne rubutun. Dalili ke nan da ya sa in aka karkata faifai ga haske, akan ga wurin da aka naɗa ya ɗan sauya launi.

Rubutun yana farawa ne daga kusa da ramin tsakiya, ya yi ta kewayawa har baki, kamar yadda mai ɗinkin faifan rufe ƙwarya ke somawa daga cibiya. Layin guda ɗaya ne tak, tsawonsa kusan kilomita 12 in da za a warware shi, tazarar da ke tsakanin zagaye da zagaye kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, har kusan zagaye ɗari za su iya shigewa cikin kaurin silin gashi ɗaya. Aiki mai irin wannan siranta, ƙwayar ƙura ko girgizar tebur ko raunin wuta na ƙiftawar ido ya isa ya ɓata shi.

Faifan da aka rubuta R a jikinsa sau ɗaya ake naɗarsa, abin da ya ƙonu ya ƙonu ke nan. Wanda aka rubuta RW shi ake iya gogewa a sake, domin a cikinsa wani gaurayen ƙarfe ne da zafi ke sauya wa kama, ya kuma mai da shi yadda yake. Saboda haka mai neman gano matsala zai taimaki aljihunsa in ya ajiye RW guda ɗaya domin gwaji.

A FARA TUHUMAR FAIFAN

Sunayen da ake gani a jikin kwalaye suna da yawa, amma masana'antun da ke ƙera faifan ƙalilan ne, manyansu kuwa suna ƙasar Taiwan. Kamfanin Taiyo Yuden na Japan, wanda ya yi suna wajen ingancin kaya, ya daina yin faifai a ƙarshen 2015, shi kuma Moser Baer na Indiya ya durƙushe a 2018. Abin da ya rage a kasuwa gauraye ne. Akwai nagari, akwai jabun da aka buga wa sunan nagari, akwai kuma wanda ya shekara da shekaru a kan kanta zafi yana dukansa.

Kowane faifai yana da lambar asali da masana'anta ta binne a cikinsa, wadda ido ba ya gani, sai dai manhajar naɗi irin su ImgBurn, wadda kyauta ake samu, ta nuna ta. Da wannan lamba ce na'ura ke sanin ƙarfin hasken da ya dace da rinin. In lambar baƙuwa ce a gare ta, ko kuwa ta sata ce aka ɗora wa wani rinin dabam, sai na'ura ta kama lalube. Kafin kowane naɗi takan yi ɗan gwaji a wani kewaye na musamman kusa da ramin tsakiya, in gwajin bai yi kyau ba sai ta ba da saƙo cewa daidaita ƙarfin haske ya faskara, ta ƙi farawa. Matakin farko a nan shi ne a sayo faifai ɗaya ko biyu na wani kamfani, daga wani shago dabam, a gwada. Kada a sayi kwali guda sai an ga yadda ɗaya ya yi, domin arha ba ta ado. Haka kuma a riƙa ɗaga faifai ga haske kafin a saka shi. Wanda aka ga tabo ko kumfa ko dabbare-dabbaren launi wajen bakinsa, ajiye shi ya fi.

Sai kuma batun iri. Akwai DVD-R mai alamar ragi, wanda kamfanin Pioneer ya fito da shi a 1997, akwai kuma DVD+R mai alamar tarawa, wanda wani rukunin kamfanoni da ya haɗa da Philips da Sony da HP ya kawo a 2002. Na'urorin baya-bayan nan suna karɓar duka biyun, amma tsofaffin na'urorin kallo sun fi jituwa da mai alamar ragi. Wanda ya sayi kwamfuta 'yar gwanjo kuma ya kamata ya duba rubutun da ke bakin na'urar faifanta, domin akwai waɗanda ke karanta DVD amma CD kaɗai suke iya naɗa. Irin wannan ko an kwana ana sauya faifai ba za ta taɓa yi ba.

Wani abin da ke rikita 'yan makaranta shi ne yawan abin da faifai ke ɗauka. A jikinsa an rubuta gigabait 4.7, amma wannan lissafin masana'anta ne mai ƙirga dubu-dubu. Ita kwamfuta da 1,024 take ƙirgawa, saboda haka a wurinta faifan bai wuce kimanin 4.38 ba. Wanda ya tara kaya na gigabait 4.5 yana zaton akwai sauran wuri, sai ya ga an ce faifai ya cika. Mai hawa biyu, wanda aka rubuta DL a jikinsa, yana ɗaukar 8.5 a lissafin masana'anta, sai dai ya fi tsada, ya kuma fi saurin ba da matsala a daidai inda haske ke tsallakawa daga hawa na ɗaya zuwa na biyu. Har ila yau, tun da yake bakin faifai nan ne shafen rini ya fi rauni, hikima ita ce a tsaya wajen gigabait 4, kada a cika shi maƙil.

SAURI YA HAIFI NAWA

Dalili na biyu shi ne gudun naɗi. A jikin faifai akan rubuta 8x ko 16x, watau ninkin gudun asali sau takwas ko sau goma sha shida. A gudun asali cika faifai yana cin kusan awa guda. A 4x minti 15 ne ko kusa da haka, a 8x bai cika wuce minti 10 ba, a 16x kuwa kimanin minti 6. Domin a kai wannan gudu na ƙarshe, faifan yakan juya fiye da sau 9,000 a minti ɗaya, hasken kuma ba ya samun sukunin tsayawa a kan kowane ɗigo. Faifai mai kyau a sabuwar na'ura yana jure haka. Na tsaka-tsaki a na'urar da ta kwana biyu kuwa, ɗigoginsa sukan fito dishi-dishi, musamman wajen baki inda gudun ya fi tsanani. Wannan ne ya sa naɗi ya fi mutuwa gab da ƙarewa, kuma shi ne ya sa bidiyon biki kan yi lafiya daga farko, sai an zo wajen kai amarya ya fara sarƙewa.

Manhajar naɗi in aka ƙyale ta, gudu mafi girma take zaɓa. Ya kamata mai naɗi ya sauke shi da hannunsa zuwa rabin abin da aka rubuta a jikin faifan, watau 8x ga mai 16x, ko 4x in faifan abin shakka ne. Bambancin bai wuce 'yan mintoci ba. Sai dai kada a zarce a sauka ƙasa ƙwarai, gama rinin faya-fayan zamani an haɗa shi ne domin gudu, bai cika kyau a 1x ko 2x ba.

Akwai kuma buƙatar kayan da ake naɗa su riƙa kwarara zuwa ga na'ura ba yankewa. A da, da zarar kwararar ta tsaya faifai ya mutu. Tun shekarar 2000 kamfanin Sanyo ya fito da dabarar da ke sa na'ura ta dakata ta ci gaba daga inda ta tsaya, sauran kamfanoni suka bi sahu, amma yawan tsayawa da tashi har yanzu yana rage ingancin naɗi. Don haka kada a naɗa kai tsaye daga filash ko waya ko wani tsohon faifai. A fara kwafe kayan cikin rumbun kwamfuta, a buɗe kowane fayil a tabbata yana aiki, a bincika ko filashin ya kwaso cutar kwamfuta daga shagon buga takardu, sa'an nan a rufe sauran ayyuka duka har naɗi ya ƙare.

WUTAR LANTARKI

Ba sai an gaya wa mazaunin Zariya halin wutar lantarki ba. Kwamfutar tebur da ba ta da UPS, ɗaukewar wuta ta daƙiƙa ɗaya ta isa ta kashe faifai. Ƙaramin janareto ma ba shi da tabbas, domin da zarar firji ya tashi ko an jona dutsen guga sai ƙarfin wutar ya faɗi, hasken leza ya raunana a tsakiyar aiki. Kwamfutar tafi-da-gidanka mai lafiyayyen batir ta fi dacewa da wannan aiki, in an cika batirin kuma an bar ta a jone. A kuma duba kada a bar ta a kan tsarin da ke sa ta barci bayan 'yan mintoci.

Masu amfani da na'urar faifai ta waje, wadda ake jonawa ta kafar USB, suna da tasu matsalar. Tsohuwar kafa ta USB 2.0 miliamfa 500 kawai take bayarwa, ta USB 3.0 kuma 900, alhali naɗi ya fi karatu jan wuta nesa ba kusa ba. Abin da ya sa ke nan na'ura kan karanta faifai sumul, amma da an fara naɗi sai a ji ta yi ƙara ta mutu, ta sake tashi. Waɗansu na'urorin suna zuwa da waya mai kai biyu saboda haka, kuma wajibi ne a cusa kawunan duka biyu. A guji jona ta ta hanyar abin rarraba kafa, a kwamfutar tebur kuma kafofin baya sun fi na gaba aminci.

ƘURAR HUNTURU DA IDON NA'URA

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu ba ya barin kome a ƙasar Zazzau, har abin da ke cikin akwati. A cikin na'urar faifai akwai wani ɗan gilashi da bai kai ƙwayar wake ba, wanda masu gyara ke kira ido, ta cikinsa haske ke fita ya dawo. In ƙura ta lulluɓe shi, sai na'ura ta fara jinkirin gane faifai, ta yi ta juyi tana tsayawa, daga bisani ta ce babu kome a ciki. A kwamfutar tafi-da-gidanka idon yana fitowa fili in an jawo farantin. Ana iya kaɗe shi da abin hura iska na masu gyaran agogo ko kyamara, ko a shafa shi a hankali da tsinken auduga da aka ɗan jiƙa da sifirit mai tsabta, bayan an kashe kwamfutar. Kada a hura da baki, kada kuma a kusance shi da fetur ko kananzir.

Leza kuma tana tsufa kamar kowane ƙwan fitila. Na'urar DVD tana da leza biyu, ɗaya ta CD wadda ido ba ya ganin haskenta, ɗaya ja ta DVD, kuma kowace da ranar mutuwarta. Saboda haka in na'ura tana karanta CD lafiya amma ta ƙi kowane DVD, ko tana karanta faifan kamfani amma ta kasa naɗa, alama ce jar lezar ta gaji. Hanyar tabbatarwa mai sauƙi ce: a ɗauki faifai daga kwalin nan a gwada a kwamfutar maƙwabci ko ta abokin aiki. In ya naɗu a can, to faifai ya kuɓuta daga zargi. Sake Windows ba ya ta da matacciyar leza, abin da ya rage shi ne sauya na'urar ko sayen ta waje. Waɗansu kamfanoni suna ba da sabunta manhajar da ke cikin na'urar kanta domin ta gane sababbin faya-fayai, amma kada a taɓa wannan sai da tabbatacciyar wuta, gama in ta ɗauke a tsakiyar sabuntawa na'urar ta tashi aiki ke nan.

YA NAƊU AMMA YA ƘI BUƊUWA

Wannan ita ce matsalar da ta fi jawo kunya, domin ba a ganinta sai an je gaban jama'a. Idan aka saka sabon faifai, Windows takan yi tambaya: a yi amfani da shi kamar filash, ko kuwa domin na'urar kallo? Zaɓin farko yana barin faifan a buɗe domin a riƙa ƙara kaya, kuma faifan da ba a rufe ba yakan buɗu a kwamfutar da ta naɗe shi, ya ƙi a wata na'urar. Duk faifan da za a miƙa wa wani, ko ofis ko makaranta ko kotu, a ɗauki zaɓi na biyu, a naɗa kayan gaba ɗaya a zama guda, a kuma tabbata manhaja ta rufe shi.

Na biyu, zuba bidiyon waya a faifai bai mai da shi faifan kallo ba. Wayoyi suna ɗaukar bidiyo a tsarin MP4, ita kuwa na'urar kallon DVD an gina ta ne a kan tsarin MPEG-2, tana neman wata jaka mai suna VIDEO_TS da fayilolinta a jere yadda ƙa'ida ta tanada. Waɗansu na'urorin suna iya buɗe wasu nau'o'in bidiyo na dabam, amma ba abin dogara ba ne. Windows 7 tana da manhajar shirya irin wannan faifai, sai dai an cire ta tun daga Windows 8 a 2012, saboda haka sai an nemi wata, kamar DVDStyler ta kyauta ko kuwa Nero ta kuɗi. Wajen shiryawa a zaɓi PAL, wanda shi ne tsarin talabijin na Nijeriya, a bar NTSC na Amurka. Bidiyon awa biyu shi ne daidai cikin faifai mai hawa ɗaya, in aka matsa awa huɗu ko biyar a ciki fuskokin mutane sukan dagule.

Na uku, fayil guda da ya kai gigabait 4 ba ya shiga tsohon tsarin jera fayiloli na ISO 9660, sai an zaɓi UDF a cikin manhaja. Ga takardu kuma, gara a mai da kundi PDF kafin a naɗa, domin shafuka da haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ su fito yadda aka tsara su a kowace kwamfuta.

Kowace manhajar kirki tana da wurin da ake sa alama domin ta sake karanta faifan bayan naɗi, ta gwada shi da asalin kayan. Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki saboda gaggawa, alhali shi kaɗai ne shaidar cewa aiki ya yi. Bayan haka a gwada faifan a wata na'ura dabam kafin a fita da shi daga gida. Amma faifan fim na kamfani da ya ƙi kwafuwa, wannan da gangan aka kulle shi. Kwafar aikin wani domin sayarwa laifi ne a ƙarƙashin Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, kuma kowa ya san irin illar da satar fasaha ta yi wa masu finafinan Hausa a zamanin faifai.

TSOFAFFIN FAYA-FAYAN DA KE CIKIN AKWATI

Babban abin damuwa a yau ya wuce faifan da ya ƙi naɗuwa, gama wannan ana iya sayen wani. Abin tsoro shi ne wanda aka naɗa shekara 15 ko 20 da suka wuce aka ajiye, ana zaton yana nan yadda aka bar shi. Rinin da leza ta ƙona, hasken rana da zafi ma suna cinsa sannu a hankali, laima kuma tana shiga ta gefen da aka manne ta ɓata ƙarfen madubin. Jagoran kula da faya-fayai da hukumar ma'auni ta ƙasar Amurka ta fitar a 2003 ya ba da shawarar a ajiye su a sanyin da ke tsakanin digiri 4 da 20, da laimar iska tsakanin kashi 20 da 50 cikin ɗari. A Zariya kuwa zafin watan Maris da Afrilu yakan haura digiri 35, a ɗaki mai rufin kwano ma ya fi haka, ga laimar watan Agusta ta biyo baya kowace shekara. Littattafan da Kamfanin Gaskiya, wanda aka kafa a Zariya a 1945, ya buga a shekarunsa na farko har yau ana karanta su, haka ma rubuce-rubucen ajami da ke gidajen malaman Birni waɗanda suka girme su nesa. Faifan rini bai da irin wannan tsawon rai a yanayinmu.

Ban da wannan, na'urorin karanta shi ma suna ƙarewa. Tun da kamfanin Apple ya fito da kwamfutar MacBook Air ba tare da na'urar faifai ba a 2008, sauran kamfanoni suka bi, har ya zama yau mafi yawan sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba su da inda ake saka faifai.

Saboda haka kamata ya yi duk mai irin wannan ajiya ya fito da ita ya kwafe tun da sauran dama. Faifan da ya yi datti a goge shi da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki a miƙe, kada a bi kewaye, domin ƙarzanen da ya bi layin rubutu ya fi wanda ya gitta shi ɓarna. In wata na'ura ta kasa karanta shi a gwada wata, sau da yawa ta kwamfutar tebur ta fi ta tafi-da-gidanka haƙuri. In kwafar gaba ɗaya ta sarƙe, a riƙa ɗaukar fayil ɗai-ɗai, a fara da mafi muhimmanci. Akwai kuma manhajojin ceto irin su IsoBuster da ke tsallake wurin da ya lalace su kwaso sauran.

Abin da aka ceto kada a bar shi wuri guda. A ajiye kwafi a kwamfuta, wani a rumbun waje, na uku kuma a wani gida dabam ko a ma'ajiyar intanet, inda Google ke ba da gigabait 15 kyauta, watau abin da ya ɗan ɗara cikin faifai uku. Filash shi kaɗai ba ma'aji ba ne, yana ɓata, yana kuma iya zubar da abin da ke cikinsa in ya daɗe ba a jona shi ba. Faya-fayan kansu a sa kowanne cikin gidansa, a jera su a tsaye cikin inuwa, nesa da taga da motar da aka bari a rana. Kada a manna musu takarda, kada a yi rubutu a kansu da biro, sai da alƙalami mai taushin baki, kuma a rubuta abin da ke ciki da shekarar da aka naɗa.

Wannan kira bai tsaya ga magidanta da 'yan makaranta kaɗai ba. Shekaru da dama manyan makarantu sun riƙa karɓar kundin ɗalibai tare da kwafinsa a faifai, ofisoshin gwamnati su ma sun tara rahotanni da hotunan taruka ta wannan hanya. Ya kamata shugabannin sassa da masu kula da ɗakunan karatu su sa a buɗe waɗannan kabad-kabad, a gwada abin da ke ciki, a kwashe wanda ke karantuwa zuwa ma'aji mai tabbas tun na'urorin karantawa ba su gagara samu ba. Ma'aikacin da ke shirin ajiye aiki kuma, wanda hotunan takardunsa ke kan faifai guda, gara ya gwada shi a wannan mako da ya bari sai ranar da ofishin fansho ya nema. Hausawa dai sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya.